Kunun Kanwar Inna

Akwai wani hoto baƙi da fari a wayata wanda na kasa gogewa, ko da wayar ta cika tana yi mini ƙorafi. Wanda duk ya leƙa sai ya ce busasshiyar fadama ce aka ɗauka daga sama. Naman zuciyar ɓera ne, an ƙara masa girma har ya wuce abin da hankali ke ɗauka. Ni na yanka shi, ni na ɗauki hoton, kuma na taɓa zaton da shi zan rufe bakin tsofaffin unguwarmu gaba ɗaya.

Ina koyar da ilimin halittu a wata babbar makaranta a nan Ƙauran Namoda. Wata shekara Allah ya ba ni damar tafiya wata jami'a a ƙasar waje na 'yan watanni, don in yi aiki da madubin ƙara girma mai amfani da lantarki. Kada mutum ya kawo wa ransa irin ƙaramin madubin da ɗalibai ke leƙa fatar albasa da shi. Wannan ya fi mutum tsawo, yana zaune shi kaɗai a ɗaki mai sanyi marar taga, kuma ba ya son ko a taka ƙasa da ƙarfi kusa da shi. Naman da za a duba ana gutsuro shi bai kai ƙwayar gero ba, a jefa shi cikin magani nan take, a daskarar da shi cikin wani abu mai kama da ƙaro, sannan a fere shi da wuƙar lu'ulu'u. Abin da ake ferowa ya yi sirantakar da numfashi ma ke iya kwashe shi. Na yi asarar da yawa kafin na koyi rufe bakina, abin da Inna ta yi shekaru tana fama ban koya ba.

Zuciya ba dunƙulen tsoka ba ce kamar yadda ake ganinta a faifan mahauci. Ƙananan ƙwayoyin halitta ne, kowace ta kama ta gabanta kai da kai. Inda biyu suka haɗu akwai mahaɗa, layi ne baƙi mai lanƙwashe-lanƙwashe. Wani sashen mahaɗar riƙo ne kawai don kada su rabu in zuciya ta matsa, wani sashen kuma 'yan ƙofofi ne da saƙon bugawa ke bi daga wannan ƙwaya zuwa waccan. A cikin kowace ƙwaya akwai wasu 'yan ƙunshi da ake kira mitokondiriya, su ne murhunta, su ke ƙona abinci su ba ta ƙarfi. Abin da ya ɗauke mini hankali shi ne yadda wasu daga cikinsu ke zuwa su lafe a jikin mahaɗar. In aka ƙara girman sosai, sai a hangi wasu siraran zare tsakaninsu da bangon mahaɗar, kamar an ɗaure su a wurin. Masana ba su gama daidaitawa a kan aikin zaren ba. Ni dai na kan zauna in yi ta kallo har idona ya yi ruwa.

Ba sha'awar ɓera ce ta kai ni can ba, kanwa ce ta kai ni. Mu uku Inna ta haifa, duka mata. Babbar yayarmu an aurar da ita Birnin Tsaba ina makarantar sakandare, ta dawo gida wankan haihuwar fari kamar yadda aka saba. Inna kuwa ita ce gwanar wankan jego a unguwarmu. 'Yar Zurmi ce, a wurin kakarta ta koya, kuma duk gidan da aka haihu ita ake fara aikawa a kira. Ta san yadda ake tafasa ruwa da ganyen darbejiya, ta san yadda ake watsa shi da ganyen har jikin mai jego ya gasu, kununta na kanwa kuwa har maza na roƙon a sam musu. Ta yi wa yayarmu duk abin da ta sani, ta ƙara da wanda ba ta yi wa 'ya'yan wasu. Kafin a yi arba'in ƙafafun yayarmu suka kumbura, numfashi ya gagare ta a kwance, ta rasu a zaune tana jingine da bango.

Inna ba ta yi kuka a gaban mutane ba. 'Yar fari ce, akwai alkunya, ko tana raye Inna ba ta taɓa kiran sunanta ba, ba ta taɓa cewa ɗiyarta ce ba. In za ta yi maganarta sai ta ce "yayarku". Bayan rasuwar ma haka ta ci gaba da cewa, sai dai ba ta cika yin maganar ba. Mutane suka ce sanyi ne ya shige ta, kwana ya ƙare. Sai da na shiga jami'a na ji cewa akwai ciwon zuciya da ke kama mata bayan haihuwa, yana da yawa a ƙasarmu, kuma likitoci sun daɗe suna zargin kanwa da zafin wanka na da hannu a ciki. Tun ranar na ƙulla gaba da kanwa.

Shi ya sa na ciyar da ɓeraye kanwa, wasu kuma na bar su a kan abincinsu, na ɗauki naman zuciyarsu na tafi da shi. Ranar da na fara ganin mitokondiriya a kumbure, cikinsu ya yi fari, mahaɗar kusa da su ta saki, na tashi da sauri har na ture kujera. Na je na kira shugabar ɗakin binciken, wata dattijuwa mai ƙarancin magana. Ta duba ta daɗe, sannan ta ce in buɗe hotunan ɓerayen da ba su ci kanwa ba. A cikinsu ma akwai masu kumburin, ko da ba su kai na farko yawa ba. Ta ce ɗan jinkiri wajen jefa nama a magani kaɗai na iya kumbura su.

"Kin ga suna kusa da mahaɗa, kin ga wasu sun kumbura," in ji ta. "Iyakar abin da kika gani ke nan. Ki rubuta shi ki tsaya."

Na ji kamar in shaƙe ta. Na yi tafiyar nan duka don in dawo da hujja, ga wata tsohuwa tana ce mini in tsaya. Amma gaskiyarta ce, kuma na sani. Cewa kanwa gishiri ce mai tara ruwa a jiki, wannan ba a gardama a kansa. Cewa ita ke fara ɓata zuciyar mai jego, hotunana ba su nuna ba. Akwai hawan jini, akwai ƙarancin abinci mai gina jiki, akwai gado, akwai wahalar cikin kansa. Na rubuta abin da na gani na tsaya, na dawo Ƙaura raina a jagule.

Da na nuna wa Inna hoton ta riƙe wayar nesa da fuskarta ta ce, "Wanga ai ɗinkin ƙwarya ne. Shi kinka tahi kallo har ƙasar wasu?" Na ce mata zuciya ce. Ta ce to Allah ya kyauta, ta miƙo mini wayata ta ci gaba da tsince wake.

Ba a daɗe ba autarmu, wadda ke aure a Shinkafi, ta haihu na fari. Hanyar Shinkafi zuwa Ƙaura a lokacin ba a binta sai an ji labarin waɗanda suka riga wucewa, amma Inna ta kafe sai an kawo ta gida wanka. Aka kawo ta da hantsi cikin jerin motoci, ita da jaririnta, fuskarta fayau. Gidanmu kuma ya riga ya cika da dangin Inna da suka baro Dauran saboda 'yan bindiga, yawancinsu tsofaffin mata, kowace da nata ilimin jego a baki. Itace ya yi wuya don ba mai shiga daji. Inna ta sa aka faskara tsohon ƙyauren zauren mahaifinmu, wanda ta ƙi yarda a taɓa tun rasuwarsa, ta hura wutar wanka da shi. Na tsaya ina kallon ƙyauren yana ci, na rasa ta inda zan fara.

Na fara da lalama. Na ce a rage zafin ruwan, a yi kunun ba kanwa. Tsofaffin suka yi mini dariya har da tafa hannu. Wata gwaggon Inna ta ce, "Ke da ba ki taɓa haihuwa ba, ɓera kinka yi wa wanka ko mi?" Raina ya ɓaci na faɗi maganganun da ba a faɗa wa manya, aka ce boko ya ɗebe mini kunya. Auta kuwa tana tsakiya, ba ta son saɓa wa Inna, ba ta son saɓa mini. Tun rasuwar babbarmu ni take kira Yaya. Ta kan ce, "Yaya, ki bari, kwana nawa ne," ta kai kofin bakinta.

Bayan suna da ɗan lokaci na lura takalminta ya daina shiga. Na danna yatsa a ƙaurinta, wurin ya loɓa ya ƙi tasowa. Tana tari, in ta ɗauko jaririn daga gado sai ta zauna ta huta. Na nuna wa Inna. Ta duba, ta ce sanyi ne ya sami hanya, jikin ɗanye ne, wankan bai ratsa ba. A wurinsu kumburin mai jego alama ce ta an yi sakaci da wuta da kanwa, don haka maganinsa a ƙara. Ranar ta ƙara itace, ta aika aka nemo jar kanwa mai ƙarfi. Duk tsoron da ya kama ta, a tukunyar kunu ta zuba shi. Abin da ya fi ci mini rai ke nan, ba mugunta ko ɗigo a ciki.

Washegari ban nemi izinin kowa ba, na kira mai Keke Napep na sa Auta a ciki muka tafi asibiti. Likitan ya saurari ƙirjinta ya tura mu Gusau a ɗauki hoton zuciya. Na tsaya a bayan mai ɗaukar hoton ina kallon allon. Zuciyar ƙanwata ta buɗe ta yi girma, tana motsi a kasale kamar hannun da ya gaji da daka. Aka kwantar da ita kwanaki, aka zuƙe ruwan da ya taru a jikinta da magani, aka sallame mu da ƙwayoyi da gargaɗi: ba gishiri mai yawa, ba kanwa ko kaɗan, ba wanka mai ƙuna. Likitan ya ce wasu zuciyarsu na dawowa daidai, wasu ba ta dawowa, kuma abin da za a yi a gida cikin watannin nan na da nauyi a kan hakan.

Na maimaita wa Inna a gaban kowa. Ta ce ta ji. Aka daina wankan, na ɗan sami natsuwa na koma aji.

Wata Laraba malamin da zai karɓe ni ya zo da wuri, na dawo gida kafin azahar. Tun daga zaure na ji ƙamshin, citta da kanumfari da wannan ɗan ɗacin da ba ya ɓuya. Na wuce madafi. Inna na zaune a kan kujera 'yar tsugune tana juya kunu a ƙaramar tukunya, ga kofin Auta a gefe an ɗauraye shi. Ashe kullum in na fita ake damawa. Maganin asibiti na fitar da ruwa, kunun Inna na mayar da shi.

Ban san sanda na fara faɗa ba. Na ce za ta kashe yarinyar nan, na ce me ya sa ba ta jin magana. Tsofaffin Dauran suka fito suka yi cirko-cirko a bakin ƙofa. Inna ba ta ɗaga murya ba. Ta ajiye ludayin ta dube ni.

"Likita ya san nashi, ni ma na san nawa," in ji ta. "In na bar ta haka ba wuta ba kanwa, sanyi ya kashe ta, mi zan ce wa Allah? Amma ke ɗiyar malam ce. Kin tahi kin duba cikin zuciya da idonki. Ki rantse mini kanwa ce, in zubar."

Ta san inda ta kama ni. Mahaifinmu malami ne, ya yi aiki a kotun alƙali shekaru, ya ga abin da rantsuwa ke yi wa mutane. A gidansa ba a cewa wallahi a kan wasa, kuma ya sha gaya mana kada mu rantse a kan abin da ba mu da yaƙini a kansa ko da wuƙa a wuya. Inna ta san ban taɓa karya wannan ba. Ta san in na rantse to na gani. Ni kuma na san abin da na gani a madubin nan, na san inda dattijuwar ta ce in tsaya. In na ce ban tabbata ba, gobe za a sake ɗora tukunyar ina fita. Daga ɗaki ina jin tarin Auta.

Na tsaya na zaɓi kalmomina ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda nake zaɓen yankan da zan ɗora a madubi. Na ce, "Wallahi, Inna, zuciyarta ta raunana, na gan ta da idona a Gusau. Wallahi duk kofin kunun nan da ta sha ruwa yake tara mata, zuciyar kuma ba ta da ƙarfin tura shi. In ta ci gaba da sha zai iya kashe ta."

Ko harafi ɗaya ban ƙara a kan abin da na sani ba. Ban ce kanwa ce ta fara ɓata zuciyar ba. Inna ta tashi, ta sa tsumma ta sauke tukunyar, ta kai bakin rariya ta tuntsurar. Ta koma ɗaki ta ɗauko ƙullin jar kanwar ta miƙa wa wata daga cikin matan Dauran ta ce a ba awaki. Gwaggon tata ta buɗe baki za ta yi magana, Inna ta ce, "Ta rantse."

Na ɗauka na yi nasara. Auta ta fara samun sauƙi a hankali, kumburin ya saɓe, ta fara iya kwanciya da matashi ɗaya. Da muka koma Gusau aka ce zuciyar ta ɗan farfaɗo, ba duka ba, za ta daɗe tana shan magani, kuma maganar wani cikin sai an zauna da likita tukuna. Mijinta ya zo daga Shinkafi ya yi ta godiya. Amma Inna ta canza. Ta rage cin abinci, ta rage magana, in an yi haihuwa a unguwa aka aiko sai ta ce ƙafarta na ciwo. Babbar tukunyar wankan ta kife ta a bayan ɗaki, kaji suka mayar da ita wurin hawa.

Ranar da Auta za ta koma ɗakinta, bayan motar ta tashi da safe, gidan ya yi shiru. Ina shanya a tsakar gida Inna ta kira ni. Tana zaune a bakin gadonta, ta ce in kawo hoton nan na ƙwarya. Na buɗe mata. Wannan karon ta kawo shi kusa da idonta, ta sa yatsa a kan layin mahaɗar tana bi. Ta tambaye ni waɗanne ne murhun, na nuna mata. Ta tambayi waɗanda suka kumbura, na nuna mata su ma, da inda ɗinkin ya saki.

"Haka tata ta yi ke nan," in ji ta.

Na ce ta Auta ai tana warkewa.

"Ba Auta nike nuhi ba."

Sai a lokacin na gane abin da ta ji ranar da na rantse. Ni na rantse a kan kofin da ke gabanmu, ita kuwa ta ji rantsuwar ta koma baya shekaru, ta faɗa a kan kowane kofi da ta miƙa wa yayarmu da hannunta, da kowane itacen da ta ƙara da ta ga ƙafar ta kumbura. Na zauna a ƙasa kusa da ƙafafunta na yi mata bayani da gaskiyata. Na ce ciwon yana kama matan da ba su taɓa ganin kanwa ba, a ƙasashen da ba a san wankan jego ba. Na ce ɓerayen da ba su ci kanwa ba ma na ga kumburin a jikinsu. Na ce ba wanda ya duba zuciyar yayarmu, ba wanda ya san abin da ya fara taɓa ta, wataƙila tun tana da cikin ne, wataƙila a jininmu yake tunda ga Auta ma. Duk abin da ya ba ni haushi a bakin dattijuwar nan, shi na kwaso ina ba Inna, ina roƙon Allah ya sa ya ishe ta.

Ta saurare ni har na gama. Sannan ta ajiye wayar a kan gado.

"Na ji," in ji ta. "To ki rantse mini ba ni ce na kashe ɗiyata ba."

Tunda nake ban taɓa jin ta ce da yayarmu ɗiyata ba sai ranar. Na buɗe baki. Na tuna ƙafafun yayarmu, na tuna ƙarin kanwar da aka yi mata a makon ƙarshe, na tuna abin da ni da kaina na rantse a kansa a madafi, cewa irin wannan kofin na iya kashe mai raunin zuciya. Na ce, "Inna, kwananta ne ya ƙare. Allah ya san niyyarki." Ta ce ta san wannan, ba shi ta tambaya ba.

Ta jira ni, ta ba ni lokaci mai yawa. Da ta ga ba abin da zai fito, sai ta gyaɗa kai, ta dafa kafaɗata ta miƙe, ta ce in je in ƙarasa shanyar kafin rana ta yi zafi.